Yaya Hapsatu, Ban Yafe Wa Mai Allura Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, 13 ga Agusta, 2025, Allah Ya karɓi ran yayata Hapsatu Salihu Basirka a asibiti a Birnin Kudu.

Yaya, ke kika goye ni bayan rasuwar Inna. Shekarar da makero ya cinye kawunan yaran unguwarmu, ke kika hana wanzami yi mana aski da aska ɗaya, kika jera mu a tsakar gida kina shafa mana magani, har da 'ya'yan maƙwabta. Masarar da ta yi fumfuna ba ki taɓa kai ta kasuwa ba. Kikan ce abin da ba za ki ci ba, ba za ki auna wa ɗan wani ba.

Ciwon suga kike fama da shi, kowa ya sani. Ɗanladi mai allura ma ya sani, wannan da ke yawo a babur ranar kasuwar Gwaram ana ce masa likita. Duk da haka ya yi ta ɗirka miki allurar da yake kira ta ƙarfin jiki. Da hancinki ya toshe, kunci ya kumbura, ya ce mura ce, ya ƙara miki kafso. Da na ce mu tafi asibiti, cewa ya yi, “Malam Ashiru, boko ne ke damunka.”

Sai da cikin hancin ya yi baƙi muka kai ki. Likita ta ce ƙwayar cutar dangin fumfuna ce, tana shiga ta numfashi, kuma mai lafiya ba ta cika kama shi ba. Suga da wannan allura su suka karya garkuwar jikinki. Kafson kuwa na kashe ƙwayoyin cutar bakteriya ne, wannan ƙwayar ko gezau ba ta yi da shi. Maganin ƙwayar daban yake, ta jijiya ake sa shi, a kuma yanke naman da ya mutu. Sun sa, sun yanke, amma ta riga ta kai ido.

A wajen jana'iza liman ya roƙi jama'a su yafe miki. Muryar da ta fi kowacce ƙarfi ta Ɗanladi ce: “Mun yafe mata!” Shi ne zai yafe miki, Yaya! Dattawa sun ce in yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta hana hisabi. Na kai ƙararsa hukuma, kuma duk kasuwar da ya kafa babur ɗinsa, zai tarar da ni tsaye ina ba da labarinki.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya haskaka makwancinki. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Malam Yunusa, da 'ya'yanki Khairiyya da Fatsuma da kika bari, Allah Ya ba su dangana. Shi kuwa Ɗanladi, Allah Ya isa tsakanina da shi, duniya da lahira.