Hayatu Mai Hoto da Tsagar Malam Issa

A bakin kakarta Batulu ne Fadila ta fara jin sunan Hayatu, tun tana 'yar lakol, wato makarantar boko. Duk hoton amaryar da aka nuna wa tsohuwar sai ta ce, "Wannan farin ba na Allah ba ne, na Hayatu ne."

Hayatu ɗan Sae Sabuwa ne. Gero yake nomawa, har shekarar da damina ta yi gardama ya tafi Maraɗi ya koyi aikin hoto, daga baya ya buɗe shago a bakin tashar Agiye. Da na'ura yake gyara: inda inuwa ta rufe ya haskaka, inda rana ta yi yawa ya ƙara duhu, kaɗan-kaɗan, kamar mai sa gishiri a miya.

Hoto ɗaya tak kakan Fadila, marigayi Malam Issa, ya bari, wanda aka ɗauka a kasuwar Gangara. Malfa ta rufe fuskar da inuwa, takardar kuma duk karce. Idon Batulu ya soma rauni, ta ce tana son ganin fuskar mijinta tun da sauran gani. Fadila ta kai wa Hayatu.

Ya fito da goshi, ya fito da gemu, ya share duk layin da ya gani. Ranar karɓa Batulu ta biyo jikarta, ta kai hoton dab da hancinta.

"Wane ne wannan saurayin?"

"Inna, Malam ne," in ji Hayatu.

"Malam ɗin wa? Ina tsagarshi? Wannan in ya yi mani sallama, cewa zan yi maigidan ba ya nan!"

Hayatu ya dafe kai yana dariya. Ashe da karcen takarda da tsagar gado ya haɗa ya share. Ya jawo mata kujera, ya buɗe hoton na asali a na'ura ya ƙara girmansa. Tana nuni da yatsa: "Wannan tashi ce. Wannan kuwa aikin kyankyaso ne." Shi kuma yana bin kumatun yana ƙara duhu, layi bayan layi.

Can sai ta shafa gilashin na'urar.

"Ga shi nan, mai rowar goro."

Da za su fita Hayatu ya kira Fadila. "'Yar lakol, don Allah duk tsohon hoton da za ki kawo mani, ki taho da wanda ya san mai fuskar."