Jan Maɓallin da Injin Bai Saurara Ba

Yana zaune kan buhu da kwamfuta a cinya, a gaban injin ɗura gari da ya kashe abokina Dogo. Takalminsa fes, gemunsa a gyare, yana taunar cingam kamar mai jiran mota. Ban san sunansa ba, injiniya kawai suke ce masa.

Yana danna jan maɓallin tsayawa, wanda na yi ta duka ina ihu ranar da injin ya kama Dogo. Injin bai fasa juyawa ba.

"Yallaɓai, maɓallin lafiyarsa ƙalau," yake ce wa manaja. "Saƙon yana isa. Manhajar da ke sarrafa injin ce ke tare shi, sai ta gama cika buhun tukuna."

Wataƙila yana da 'ya'ya masu rugowa su rungume shi da yamma. Dogo ma ya bar nasa, kuma gobe ni zan tsaya inda ya tsaya.

Injiniyan ya goge wani layi na manhajar a kwamfutarsa, ya sake danna maɓallin. Injin ya tsaya cak. Ashe ɗan wannan layin ne ya raba mu, Dogo ɗan'uwana?

"Amma fa za a riƙa asarar gari," in ji shi, yana jiran umarni.

Manaja har tunani yake yi.