Mai Fura Ya Karɓe Gonar Gayya

"Ƙuri'a huɗu da uku," in ji shugaban taronmu na intanet. Shi ke nan, magana ta ƙare.

Shekara shida muna gina manhajar rubuta sakamakon ɗalibai, kyauta, kowa na iya sa hannu ya gyara. Aikin gayya ne. Daga nan Legas na rubuta ɓangaren da ke aiki ko babu sabis, saboda Yaya Sani da ke koyarwa a ƙauyen Runka, inda sabis ke wuya.

Bara wani kamfani ya ɗauki nauyinmu, muka ba shi kujeru huɗu cikin bakwai a kwamiti. Jiya su huɗun suka ce a cire ɓangaren nan. Ba su yi maguɗi ba, mu muka amince da dokar bin rinjaye.

Na kira Yaya. Ya ce, "Auta, a gayya mai kawo fura godiya ake yi masa. Yaushe aka fara ba shi gonar?"

Na ce, "Ranar da yunwa ta ishe mu, Yaya."

Ya ce, "To, zan koma kai takardun sakamako ofishin ilimi na Safana a babur."

Kun dai san halin hanyar nan da 'yan bindiga. Na kwafe tsohuwar manhajar, zan riƙe ta ko ni kaɗai. Wa zai kama mini?