Yadda Muka Raba Littafin Haruna Gida Shida

Yau shekara bakwai ke nan da muka kai Haruna mai gyaran rediyo makwancinsa. Shekara bakwai ba kwana arba'in kuma da muka zauna a zauren gidansa da ke Sabon Gari, mu manya masu furfura, muka yi wa littafinsa ɓarnar da ko gara ba za ta yi masa ba. Ina wurin. Ni ne ma aka kira shaida.

Ga wanda bai san shi ba, Haruna yana da ɗan shago cike da matattun rediyo. Tsakanin azahar da la'asar, idan ƙafa ta ɗauke, sai ya ture kayan gyara gefe ya jawo kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, ya hau rubutu. Ba labarin soyayya yake rubutawa ba. Shi mutanen Maradi yake ɗauka ya cilla su sama, ko ya kai su shekara ɗari biyar gaba, ya haɗa su da injuna masu magana. Da ya kai littafinsa na farko wata maɗaba'a, aka tambaye shi na makaranta ne ko na addini. Ya ce ba ko ɗaya. Aka ce to na mene ne? Daga ranar bai sake roƙon kowa ba. Ya kai a buga masa a wurin masu fotokopi, ya ɗinke bayan da zaren ɗinkin buhu, ya rataye a igiya cikin shago. Littattafai biyu ya fitar a haka.

Mu ne masu karatunsa, mu 'yan fadar da ke shan shayi a ƙofar shagon bayan la'asar. Mu ne kuma ƙayar da ke ƙafarsa. Ni na fi kowa, don na yi shekara talatin ina mushe, wato malamin makaranta, ina koyar da Faransanci, na kuma ɗauka littafin kirki sai wanda ya tsallako teku. Haruna ya karanta mana babi, mu yi ta gardama har shayi ya huce.

Littafinsa na uku shi ne babba, ya sa masa suna Gero a Wata. Labarin lokacin da Gulbi ya ƙafe ƙaf, ƙasa ta ƙi shuka, mutane suka yi ƙaura zuwa wata, wata tsohuwa 'yar Jiratawa ta ɓoye irin gero a haɓar zanenta ta tafi da shi. Alhaji Ila mai sayar da taya ya tsayar da mu mako guda a kan tambaya ɗaya: idan mutum yana zaune a kan wata, me zai duba ya ɗauki azumi? Ni kuwa na kafe a kan cewa babu iska a can, gero ba zai tsiro ba ko da wa ya shuka shi.

Haruna ya ce, "Mushe, ka taɓa tahiya can? In kihi ya hito ruwa ya ce kada ido guda gare shi, wa za ya musa?"

Na ce, "To kai ne kifin?" Aka fashe da dariya, shi ma ya yi. A bayan idonsa Ɗan Sama muke kiransa, kuma ba da yabo ba. Amma duk iya shegenmu babu wanda ke makara ranar karatu.

Kaye bakwai ya karanta mana cikin shekara uku. Na takwas, wanda ke ɗauke da ƙarshen labari, ya gama shi a daminar da ciwo ya kama shi. Duk wanda ya je dubiya sai ya saci tambaya, geron ya tsiro kuwa? Sai ya ce mu bari ya tashi, mu ji da kunnenmu a fada. Bai tashi ba.

Bayan sadakar arba'in aka kira malami rabon gado. Aka baje kaya a tabarma: rediyo, kayan gyara, keke, tufafi, sai kaye takwas a ɗaure da igiya. Malam ya tambaya, babban ɗan ya ce rubuce-rubucen Baba ne. Ban ga laifin malamin ba, abin da aka ajiye gabansa ya raba. Har murna ya yi da ya ga takwas ne, don sun faɗa daidai: ɗaya ga matarsa Rabi, tumuninta na takaba, biyu-biyu ga 'ya'yansa maza biyu, ɗaya-ɗaya ga 'ya'ya mata uku. Ya fara daga sama, na takwas kuwa shi ne a sama, aka miƙa shi cikin gida. Haka littafi guda ya shiga gida shida.

Ni kaɗai a zauren nan na san labari ɗaya ne aka yanka. Magana ta zo har bakina. Na san gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma na ji tsoron a ce bare ya sa ido a kayan marayu. Wannan shi ne uzurin da na daɗe ina ba kaina. Gaskiyar ita ce kunya na ji in buɗe baki gaban malam da dattawa in ce tatsuniyar wata tana da muhimmanci a wurina, ni mushe guda. Na sa hannu a takarda, aka shafa fatiha.

Yanzu dubi inda muke. Wani ya ɗauki hoton littafinsa na farko shafi-shafi, yana yawo daga waya zuwa waya. Matasa sun buɗe zaurukan hira a waya suna gardama a kansa kamar yadda muke yi, sai dai su ba sa dariya. Wasunsu ma sun fara rubuta nasu, na ga na wata 'yar unguwar Zariya a kan birnin da ke ƙarƙashin Gulbi. Waɗanda suka kira shi Ɗan Sama kuwa duk sun zama aminansa. Na ji Alhaji Ila da kunnena yana gaya wa mutane shi ke ba Haruna shawara. Yabon gawa ba ya da wuya, tunda ba za ta tashi ta ƙaryata ka ba.

Nakan tambayi kaina me Haruna zai ce da ya ga wannan zamani, da wayar da kake yi wa tambaya ta ba ka amsa, da rufin gidaje cike da pano mai ɗaukar hasken rana. Na tabbata abu na farko da zai yi shi ne ya kwance wayar ya ga cikinta. Game da mu kuwa, dariya zai yi ya ce a ɗora shayi. Shi ba ya riƙo. Ni ne nake riƙe masa, kuma kaina na fara riƙewa.

Bara wata ma'aikaciyar jinya mai suna Nana, wadda ke jagorantar ɗaya daga cikin zaurukan nan, ta zo har gida. An ce mata akwai littafi na uku, suna so su buga shi da sunansa. Na kasa kallon idonta. Washegari na fara bin gidaje. Babban ɗan ya ce nasa biyun wani mai tsire maƙwabcinsa ya roƙa ya ba shi. Ƙaramin ya tafi ci-rani arewa, babu wanda ya san inda ya bar kayansa. Ɗaya daga cikin 'ya'ya matan ɗakinta ya zuba da damina, tawada ta narke. Wata 'ya'yanta sun yage rabi. Wadda ke zaune a Tsibiri ce kaɗai ta adana nata a ƙasan akwati, ta ba ni tana hawaye. Na dawo da kaye ɗaya da rabi. Ihu bayan hari.

Saura na takwas. Rabi ta koma Jiratawa wurin danginta, na same ta tana sussukar gero a tsakar gida. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni. Ta shiga ɗaki ta fito da abu a naɗe cikin tsohuwar rigar Haruna. Ta buɗe, na ga lambar takwas da hannunsa a bango. Na miƙa hannu. Ba ta ba ni ba.

Ta ce, "Mushe, kullum ya shigo gida sai ya ce mini yau ma sun yi dariya. Ni da ban yi lakwal ba, ni yake karanta ma tun kahin ku ji. Ranar da kunka yi rabo ina cikin ɗaki ina takaba, ina saurare. Muryarka nike jira, don ya ce kai kaɗai ka gane abin da yake yi."

Ban taɓa sanin ya faɗi haka ba. Na ce ta yafe mini, ta ba ni aro a kwafa, matasa suna so.

Ta ce, "Wanga tumunina ne, ku kunka ba ni. Tahi ka kawo bakwai ɗin, in ɗora maka na takwas bisa."

Na ce, "To ki gaya mini abu ɗaya. Geron ya tsiro?"

Ta ce, "Na sani." Ta naɗe kayen, ta ɗauki taɓaryarta.

Nana ta ce a tura mata manya su roƙe ta. Na ce kada a kuskura, manya sun riga sun yi nasu aikin. Idan aka tambaye ni abin da ya rage na Haruna, ga shi: littattafai biyu ɗinkin zaren buhu, kaye ɗaya da rabi a akwatina, matasan da suka ɗauki hanyarsa ba su taɓa ganin fuskarsa ba, da mace ɗaya a Jiratawa wadda ita ce mai karatunsa ta gaskiya, mu muna ta fankama a ƙofar shago. Rabi ta san ba zan iya kawo bakwai ɗin ba, ni ma na sani. Allah ya jiƙan Haruna, ya sa ya huta. Ni da na yi shekara uku ina rantsuwa gero ba ya tsirowa a wata, zan bi shi kabari ban ji amsa ba, kuma ban ga wanda ya zalunce ni ba.