Kwalbar da Inna Ta Mayar

"Ba ta sha!" in ji Inna, ta tura wa Gwaggo, yayar Baba, kwalbar maganin ƙarin jinin da ita Gwaggon ta kawo min daga Argungu.

Lokacin muna Birnin Kebbi, tun tana cikin jihar Sakkwato. Ina da sikila, an sha ƙara min jini a asibiti.

Gwaggo ta ce, "Ɗiyag ga ta ɗashe, ki hana ta magani?"

"Yaya, likita ya ce jinin da aka sa mata ya tara mata sinadarin ƙarfe fiye da kima, shi ne kuma cikin kwalbag ga. Ku zage ni, ba ta sha!"

Dangi suka ƙaurace wa Inna shekara biyu. Yau ga ni da jikoki.

Ku wa ya sha zagi don ku rayu?