Kocin da ke Ɗaure Hannun Dama

Mijin yayata kocin ƙwallon kwando ne, kuma tun ranar da na fara ganinsa jinina bai haɗu da nasa ba. Ya shigo falonmu a sunkuye don kada kansa ya bugi ƙofa, ya zauna ya miƙe ƙafafu har tsakiyar ɗaki, ya cika mu da labarin kansa. Ko yaya ta wuni bai tambayi Yaya ba. Ita kuwa sai murmushi take kamar an ba ta kyautar gida.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, mutumin ya buga wasa. Albashi ake biyansa a kai, kuma hotonsa na jarida na nan a bangon falo, yana sama, ƙwallo a hannun dama. To, a nan gizo ke saƙa: ba shi da hagu ko ta sisin kwabo. A wani wasan ƙarshe na cin kofi abokan karawa suka gano lagonsa, suka toshe masa dama suka bar masa hagu a buɗe. Duk ƙwallon da ya kai can sai ta suɓuce. Kofi ya tafi, 'yan kallo suka raka shi da ihu har mota. Ba a jima ba gwiwarsa ta lalace, ya ajiye wasa.

Wani in ya sha irin wannan kaye, kansa zai tuhuma. Koci kuwa sai ya huce a kan 'ya'yan mutane. Da aka ba shi ƙungiya, ya zo atisaye da tsohon bandejin gwiwarsa, ya kama ɗan wasa ya ɗaure masa hannun dama a baya, ya ce ya buga da ɗayan. Washegari ya sayo bandeji ya raba wa kowa. Ka ga ƙarti suna gudu a fili a karkace kamar kajin da aka ɗaure wa fiffike, shi yana tsaye da usur a baki yana daka musu tsawa, “Hagu! Hagu na ce!” Ƙungiyar ta ci kofuna, don haka bakin kowa ya mutu. Su dai 'yan wasa in an tashi sai su kwance, su tafi gida suna zaginsa a hanya.

Ɗansa ne ba shi da inda zai tafi. Ƙarami muke ce masa, shi kaɗai Allah ya ba su. Yaron nan tun yana ɗan mitsitsi zai dunƙule safa ya jefa daga bakin ƙofa ta faɗa cikin bokitin wanki, ba ya kuskure. Uban ya tsaya ya kalla, ya ce, “Wannan hannun Allah ne ya ba shi. Ɗayan ne nawa.” Daga ranar bandeji ya shigo gida. Da shi ake cin abinci, da shi ake aikin makaranta, har rubutun yaro ya koma kamar tafiyar tsutsa.

Wata rana ya zo shagona na ɗinki da ƙyalle mai kauri, wai bandeji na kwancewa, in ɗinka masa maɗauri mai maɓalli.

Na ce, “Yaya Koci, yaron nan ɗanka ne ko akuya ka sayo?”

Ya ce, “Ke dai taka kekenki. Na taɓa koya miki ɗinki?”

Na jefa masa ƙyallensa a ƙirji. Ya kai wa telan da ke kallon shagona, don in gani. Da na kai ƙara wurin Yaya, cewa ta yi, “Ki bar shi, ya san aikinsa.” Ita ma na daɗe ban yafe mata wannan maganar ba.

Ƙarami ya girma, ya kamo ubansa a tsawo, ya shiga ƙungiyarsa. Sai labari ya zo cewa wakilan wani babban kulob na ƙasar waje za su zo wasan ƙarshe, kuma shi za su zo gani. Ana gobe wasan ya zo shagona ya zauna kan benci yana wasa da almakashi.

“Anti, in suka ɗauke ni na huta,” in ji shi. “Ba suna nake nema ba. So nake in kwana a gidan da ba a busa usur.”

Na rufe shago na je kallo. Wasa ya zo gangara, ana gabansu da maki ɗaya, aka miƙo masa ƙwallo a gefen dama. Ba kowa a gabansa, kwando na kallonsa. Ya ɗaga ta da hannun nan na safa da bokiti, na miƙe tsaye. Sai ya waiga wajen bencin ubansa. Suka haɗa ido da Koci. Yaro ya sauke ƙwallo ya mayar da ita hagu, daidai inda mai tsaronsa ke tahowa, aka make ta. Alƙali ya hura tashi. Wakilan kulob ɗin suka gaisa da Koci a tsaitsaye, ɗayansu ya ce yaron bai yarda da hannunsa ba, suka fice.

A bakin ɗakin canza kaya na same su. Na zaci ko kunya za ta kama uban. Ina! Cewa ya yi, “Da hagunka ta nuna, da ta shiga. Gobe da sassafe ina jiranka a fili.” Ƙarami ya kwance takalmansa ya jera su a gaban ubansa, ya fita da safa. Bai ƙara taɓa ƙwallo ba. Ya koma wani gari yana gyaran wutar lantarki, uwarsa kawai yake kira.

Koci ya ci gaba da ɗaure hannuwa har furfura ta cika masa kai. Bara ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar atisaye, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A lokacin ne asiri ya tonu: mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ihun hagu bai taɓa koya wa tasa hagun komai ba. Cokali ya gagare shi. In ya ɗebo abinci, rabi a riga, rabi a zanin gado.

Yaya ta yi ta kuka a waya har Ƙarami ya zo. Ina ɗakin ya shigo, ya gaida ubansa daga tsaye. Ya daɗe yana kallon tsohon na kokawa da cokali, ni kuwa ina addu'a a zuci ya juya ya tafi. Sai ya ja kujera ya zauna, ya karɓi kwanon, ya ɗebo ya kai bakin uban. Da hagu ya ɗebo, bai ma sani ba.

Koci ya bi hannun da kallo. Ya haɗiye, ya motsa karkataccen bakinsa da ƙyar, duk muka matso mu ji.

“Ka gani ko?” in ji shi. “Ai na ce maka za ta yi amfani.”

Cokalin ya tsaya a sama. Sannan Ƙarami ya sake ɗebowa. Ni dai na ɗauki jakata na fita, don abin da ke bakina ba a faɗa wa marar lafiya.