Iddrisu da Gangarar Aburi

Iddrisu Musah ya yi shekara ashirin da biyu yana jan tasi tsakanin unguwar Madina da garin Aburi na kan dutse, kafin gwiwarsa ta hagu, mai taka kuloci, ta ce ta gaji. Yanzu tuƙi yake koyarwa. Ba shi da ofis, ba shi da mota. Benci gare shi a gaban shagon wani mai walda a Maamobi, can za ka same shi da safe da kofin koko. Da motarka zai koya maka, domin a cewarsa kowace mota da halinta.

Na je wurinsa ina da shekara sittin da ɗaya. Na yi shekara talatin ina koyar da lissafi a sakandare ban taɓa riƙe sitiyari ba. Trotro, bas ɗin haya, ta ishe ni, daga baya kuma 'yata Hamdia, ma'aikaciyar jinya, ta sayi wata ƙaramar jar mota mai giyar hannu, ita ke kai mu ko'ina. Hamdia ta rasu bayan jinyar kwana tara. Motar ta yi shekara guda a ƙofar gida, an lulluɓe ta da tamfol.

Lawal, ƙanin matata, yana sayar da kayan mota a Abossey Okai. Shi ya fara magana. "Yaya, mota ba kujera ba ce. In ta ci gaba da zama haka, ko ni ba zan iya tayar da ita ba. Ku bari in nemo mai saye."

Na ce a'a, ban kuma ba da dalili ba. Matata Zenabu ce ta yanke hukunci. "Kowane wata Hamdia na kai ni Aburi wurin Yaya Sanatu. In ka iya kai ni ka dawo da ni kafin Babbar Sallah, mota ta zauna. In ba haka ba Lawal ya ɗauka. Na gaji da kallon tamfol."

Wata uku ke nan gare ni.

Iddrisu gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ɗan Yendi. Hausarsa ta Zongo ce, mota a bakinsa "shi" ce, yana kuma cusa yaren Twi duk inda ya ga fili. Ranar farko ya zagaya motar sau biyu, ya sa aka canja mata batir da mai, sannan ya dube ni.

"Ticha, ka taɓa tuƙa keke?"

"A'a."

"Amalanke?"

"A'a."

"Alhamdulillahi. Ba abin da zan goge."

Mun yi wata guda a filin ƙwallon wata makaranta. Na kashe injin sau goma sha bakwai a rana ta farko, na ƙirga. Kullum maganarsa ɗaya: "Kakra-kakra, Ticha, kaɗan-kaɗan. Saki kuloci kamar kana ajiye jariri."

Da muka fara fita titi sai na yi abin da na shekara talatin ina gani daga kujerar fasinja. A wata 'yar gangara ta wajen Kanda na zare giya na bar motar a firi, tana tafiya shiru abinta. Har na ji daɗin kaina.

"Wa ya koya maka wannan?" in ji Iddrisu.

"Ai haka direbobin tasi suke yi. Ana rage shan mai."

"Faka. Faka nan, in ba ka labarin direban tasi."

Shi ne direban. Yana matashi, ya ɗauko mata huɗu 'yan kasuwar Makola daga Aburi, but cike da abarba har ba ya rufuwa. Ya sa firi tun daga sama, ƙafarsa a kan birki. Kwana ta farko lafiya, ta biyu lafiya. Can sai wari ya taso kamar ana ƙona roba, ya taka birki ya ji kamar ya taka burodi. Allah ya taimake shi da wata gonar rogo a gefen hanya, ya kutsa ciki.

"Ba wanda ya ji ciwo?" na tambaya.

"Ni kaɗai. Wata Auntie ta cire silifas ta bi ni da shi har bakin titi. Tun ranar, Ticha, ban sake sauka dutse a firi ba."

Ya yi mini bayanin da hannu, kuma ban taɓa jin malamin kimiyya ya fi shi ba. Birki gogayya ce, gogayya zafi ce, ƙarfe kuma in ya yi zafi ƙwarai ya daina kamawa. Amma in mota tana cikin ƙaramar giya, ƙafarka ba ta kan totur, tayoyi ne ke juya injin, injin kuwa yana turjewa. Shi zai riƙe motar, birki ya huta. Ƙa'idarsa: giyar da za ka hau dutse da ita, da ita za ka sauka. Ka rage gudu tukuna, ka taka kuloci, ka dawo ta uku ko ta biyu, ka saki a hankali, tun kafin gangarar ta fara.

A wata na uku muka hau Aburi. Hawan bai ba ni wahala ba. A saukowa na sa giya ta biyu yadda ya ce, sai injin ya ɗau kuka. Ni kuwa na kasa jurewa. Motar Hamdia ce, ban taɓa jin ta yi wannan ƙarar a hannunta ba. Na taka kuloci don ta yi shiru, na danne birki har muka sauko.

A Ayi Mensah, gindin dutsen, ya ce in tsaya. Ya sayi ruwan leda, ya huda da haƙori, ya fesa ta ramin ƙarfen tayar gaba. Ruwan ya yi cuuu, tururi ya tashi.

"Ka ji? Ko ƙwai za ka soya. Juya mu koma."

Sau uku muka hau ranar. A na biyu na faɗa masa gaskiya, cewa ina jin kamar cutar da motar nake yi. Ya gyara hularsa.

"Na san mai motan nan," ya ce. "Ita ta yi wa uwargidana allura da ciwon suga ya kayar da ita. Na taɓa ganin ta a kan dutsen nan, gilashi a rufe, waƙa na tashi. Ba ka ji kukan injin ba ne kawai, Ticha. Yarinyar ta iya tuƙi."

A sauka ta uku na bar injin ya yi kukansa. Birki sai in taka da ɗan ƙarfi kafin kwana, in ɗaga. Da ya fesa ruwan, gangarowa ya yi ƙasa ba sauti.

Saura kwana shida Sallah, lasin ɗina na aljihu, na je ɗaukarsa ya raka mu. Ya ƙi tashi daga benci. "Hajiya ta ce kai za ka kai ta. Ba ta ce ni ba."

Zenabu ta zauna gaba, jakarta a cinya, carbi a hannu. Mun ci tuwo a gidan Yaya Sanatu, aka cika mana but da ayaba da kwakwar manja. Da la'asar muka juyo. Kafin kwanar farko na rage gudu, na dawo giya ta biyu. Injin ya ɗaga murya.

"Lafiya take kuwa?" ta tambaya.

"Aiki take yi."

Wata trotro ta biyo mu tana ta hon. Na kama gefena, ta wuce, direban ya leƙo ya faɗi wani abu da Twi wanda ba zan rubuta ba. Zenabu ta mayar masa da wanda ya fi shi. Muka sauka lafiya.

A Oyarifa ta ciro waya ta kira ƙaninta. "Lawal, mai sayen nan naka, ka ba shi haƙuri. Ka dai samo mana madubin gefe, yayanka ya goge wannan a ƙofar gidan Yaya."